Na je neman taki, na dawo ɗan kwamiti

Jiya na ga cincirindo a sakateriyar Ikara, na kutsa gaba da buhuna, a zatona rabon taki ake. Ashe kwamitin hana dukan mata za a kafa a kowace mazaɓa. Na ɗaga hannu in tambayi taki daidai lokacin da ake neman wakilin mazaɓarmu ta Furana. Sai tafi.

A gida na ba uwar yara labari ina dariya. Ko murmushi ba ta yi ba.

"To Malam, ka fara da ƙaninka Sale. Kumburin idon matarsa ba harbin zuma ba ne."

"Yau ɗin nan?"

"Ko in raka ka?"

Na roƙi arziki zuwa gobe. Jama'a, ta ina ake fara irin wannan magana?