Sodangi da Takin da Ya Koma Gari

Sodangi taubashina ne, ɗan ƙanen uwata, don haka duk abin da na faɗa a kansa ba mai ce mini don me. Tun muna yara a Kurya Madaro ba ya wuce abu bai ɗora masa bayan hannu ba: bango, tulu, gindin tukunya, har kan jaki. Wai yana jin zafinsu. Na ce yaron nan in bai zama boka ba zai zama mahaukaci. Sai ya zama leburan reluwe a Ƙaura, wanda a ganina tsakanin biyun ne.

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana bin dogo da guduma a kafaɗa. Wata rana na je kasuwar Ƙaura ya ja ni har bakin dogo da sassafe, ya nuna mini inda ƙarfe biyu sunka haɗu. Akwai ɗan gibi, yatsa na shiga. Da azahar ya sake jawo ni, ko tsinke ba ya shiga.

"Kin gani, Indo? Ƙarhe na miƙewa da rana, in sanyi ya sauka shi takure."

"To sai mi? In kai labarin kasuwa in sayo gishiri?"

Da jirgi ya koma zuwa jefi-jefi, ya ajiye guduma ya dawo gona. Ana nan anka ba mu jiharmu, kowa na rawar jiki, ƙungiyar manoman garinmu ta gina siton taki. Kwano sama, kwano bango, sai ƙyalli. Sunka ba Sodangi makulli saboda ba a taɓa jin ya ɗauki ko karan wani ba. Ranar farko ya ɗora hannu a bangon ya janye da sauri.

"Wanga ba sito ba ne, tanderu ne."

Halilu, shugaban ƙungiyar, ya ce, "Baba Sodangi, gadi anka ce ka yi, ba shawara ba."

Shekarar da anka fara aiki da Shari'a, taki ya zo da wuri, tun bazara ba ta kankama ba. Irin farin nan mai tsaba kamar gero. Ya kwanta wata biyu cikin kwano yana jiran ruwa. Buhunan da ke jikin bango sunka kumbura, ɗinkinsu ya fashe. Sodangi ya ɗauki basilla da zarensa na gida ya bi su ɗaya ɗaya ya ɗinke. Ga wautar: bai gaya wa kowa ba. Shi a wurinsa gyara ne, kamar yadda yake ɗaure ƙusar dogo ba tare da ya kira sarkin tasha ba.

Ranar rabo anka buɗe buhu, sai ga gari fari fat kamar farar ƙasa. Anka buɗe na biyu, gari. Halilu ya ɗaga bakin buhun yana nuna wa jama'a zaren. Ba na kamfani ba ne, kowa ya gani. Kafin la'asar duk garinmu ya ɗauka Sodangi ya kwashe takin ya ɗura farar ƙasa. Sunka kai shi gaban alƙali a Ƙaura. A lokacin, wanda anka kama da irin wannan ha'inci ana iya tuɓe masa riga ranar kasuwa a tsula masa bulala jama'a na kallo. Mutum mai jika goma sha ɗaya.

Na same shi zaune ƙofar kotu na ce, "Kai da ɗinkinka! Wa ya aike ka? Tela kake?"

"Taki na zuba ƙasa, Indo. In bar shi?"

"Da ka bar shi da yanzu kana gida kana shan hura."

Alƙali ya tambaye shi ko yana da shaidu. Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, shaiduna biyu, rana da kwano. Sai dai ba su magana da gaggawa. A ba su kwana talatin."

Anka yi dariya, har ɗan sandan kotu. Alƙali bai yi ba, ya ce ya ƙarasa. Sodangi ya roƙi Halilu da kansa ya zaɓo buhu daga tsakiyar tari, mai ɗinkin kamfani, wanda tsabarsa ke nan lafiya. A zuba a kwalba biyu daidai wa daida, a toshe da kakin zuma don kada a ce iska ko raɓa, muhuti, magatakardan alƙali, ya ja layi inda takin ya tsaya. Ɗaya a ɗaure ta kan kwanon kotu, ɗaya a ajiye inda zafi ba ya hawa ba ya sauka.

Nan na miƙe ba a kira ni ba. Na ce ina da randa. Anka binne ta cikin jiƙaƙƙen yashi a ɗakin muhuti, kwalbar na ciki, makulli na hannunsa. Na tare gidan ɗiyata a Ƙaura wata guda. Safe da la'asar nakan zo da tulu, muhuti ya buɗe, in jiƙa yashin yana tsaye a kaina, ya rufe. Ban yarda wani ya yi ba. Namiji zai jiƙa yau ya manta gobe.

Kwana goma anka leƙa kwalbar da ke kan kwano, ba abin da ya sake. A na sha biyar hadari ya rufe rana kwana biyu cur. Sodangi ya daina cin abinci. Na ce masa, "Ci, don bayanka shi yi nama. In an zo bulalar ni za ni ƙirga, kada su yi maka ƙwange." Ya yi murmushi. Ni kuwa tuwon da na kai bakina ranar ɗaci ya yi mini.

Ranar talatin anka sauko da kwalbar. Takin ya haye layin muhuti, ya kusa wuya. Alƙali ya ɗauki ta randa ya girgiza kusa da kunnensa: caka-caka, kowa ya ji. Ya ɗauki ta kwano ya girgiza. Shiru. Rabi gari, rabi tsaba duk ta tsattsage. Kakin na nan ba a taɓa ba.

"Yaya ka sani?" in ji alƙali.

"Dogo ya koya mini, Malam. Shi ƙarhe an bar mai gibi. Ita tsabar taki ba ta da inda za ta miƙe. Kullum ta kumbura ta saɓe, ta kumbura ta saɓe, har ta wargaje."

Daga baya wani malamin kimiyya ya zo daga kwalejin Ƙaura ya ce haka ne, wai a cikin kowace tsaba akwai wani jeri da ke sauya zama duk sa'ad da zafi ya kusa na jikin mutum, ya koma in an yi sanyi. Shekara nawa uban wannan ya yi yana ciyar da shi kafin ya san abin da mai guduma ya sani?

Alƙali ya wanke Sodangi, ya tambaye shi me yake nema kan ɓata masa suna. Na so ya ce a tsula wa Halilu bulalar. Sai ya ce a sa Halilu ya yi wa siton inuwar zana, a janye buhu daga bango. Na ga Halilu da idona bisa tsani da tsakar rana, kwano na gasa masa gwiwa. Garin takin da kowa ya ƙi, Sodangi ya karɓa a rabonsa, geronsa kuwa ya fi mutum tsawo.

Ranar kasuwar da ta biyo bayan hukuncin, Sodangi ya saka babbar rigarsa ya ratsa ta daga 'yan hatsi har 'yan dabbobi, bai sayi komai ba. Na tare shi gaban mutane na ce, "Tuɓe mu ga bayan."

Ya ɗora mini bayan hannu a goshi, ya janye da sauri.

"Wagga kuma," ya ce, "a kai ta randa."