Kwanon Gishirin Gidan Skelding

Duk wanda ya taɓa cin abinci a gidan Anti Beryl Skelding a garin Bathurst ya san da gishirinsa yake zuwa a aljihu. Ba ta sa shi a miya, ba ta ajiye shi a tebur, ko a kanti ta bi ta inda aka jera shi sai ta kau da kai. Matan coci sun yanke cewa hawan jini ne, ita kuma ta bar su a kan haka. To, ba hawan jini ba ne. Jininta lafiya lau yake, likitocinta biyu ma sun riga ta tafiya.

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga hatimi a gidan waya. 'Yar siririya ce, mai tsafta har ta yi yawa, irin matan da ke goge kujera kafin su zauna a gidan mutane. Aure kuwa ba ta yi ba. Wani malamin makaranta ya taɓa nemanta, ta ce yana tauna abinci baki buɗe, magana ta mutu a nan. Abin da ta aura shi ne tarihin gidansu. Ka je sayen kan sarki ɗaya, kafin ta miƙo maka ka san sunan jirgin ruwan da ya kawo kakan kakanta Josiah daga Ingila a 1820.

Shi Josiah ɗin mai ɗinkin takalmi ne, bai taɓa riƙe fartanya ba. Aka zube su kusa da Kogin Kifi aka ce su yi noma, alhali shinge aka yi da su tsakanin gwamnati da mutanen Xhosa da aka ture daga ƙasar. Shekara uku alkama na lalacewa a gona, sai ya watsar ya kama fatauci: duwatsun wuya da maɓallai da wayar tagulla, a ba shi fatu da hauren giwa. Ɗansa Enoch ya shiga soja a yaƙin bakin iyaka, ya dawo da shanu masu yawa, babu wanda ya tambaye shi na wane ne. Daga shanun aka faɗaɗa gona, daga baya jikoki suka cika ta da abarba.

Duk watan Afrilu dangi kan taru a gonar. A dafa naman rago da kabewa a tsohuwar tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, wadda matar Josiah ke dafa sabulu a ciki a da. A yi addu'a, sannan a fito da kwanon Enoch. Rabin ƙwan jimina ne, in ji su, wanda Enoch ya sha ruwa da shi ranar da ƙishirwa ta kusa kashe shi a daji. Tsufa ya mai da shi ruwan ƙasa-ƙasa, an ɗaure bakinsa da azurfa, an yi masa gindi, an bi inda ya tsage da siraran zaren azurfa. A cika shi da gishiri, babban namiji a gidan ya dangwala yatsa ya ɗora a harshen duk jaririn da aka haifa a shekarar. Daga nan yaro ya zama ɗan Skelding sosai. An yi wa Beryl. Tun tana shekara goma sha biyu kuma ita ke goge kwanon, da tsumma mai laushi, tana hura masa numfashi.

Tana da shekara sittin da takwas ƙanenta Clive, mai gonar, ya ce ta rubuta littafin gidan a buga. Murna kamar an yi mata kyautar mota. Ta rubuta wa wasu dangi na nesa a Ingila, suka aiko mata da ƙunshin tsofaffin wasiƙu. Ranar Laraba da hantsi suka iso, taro kuma Asabar. A shekarar jaririya ɗaya ce za a sa wa gishiri, Tessa, jikar Clive, 'yar wata huɗu mai kumatu, wadda Beryl ta saƙa wa hula har uku.

Ta haɗa shayi, ta sa tabarau. Kwanon na gabanta a tebur, don ta riga ta ɗauko shi za ta goge. Wasiƙa ta biyar ta Enoch ce, zuwa ga ƙanensa da ya koma Ingila.

"Ka tuna Zazini, mai yi wa Baba tafinta a kasuwa, wanda ya koya mana iyo? Mun same shi a rafi yana shayar da shanunsa. Bai gudu ba, don ya gane ni, har hannu ya ɗago. Shanun suna da kyau. Kansa kuwa na yanke na taho da shi gida. Sai da ya kwana biyu a tukunyar sabulun Mama kafin naman ya saki. Maƙerin azurfa a Grahamstown ya yi aiki mai kyau, ya dace da tebur. Mata mun ce musu ƙwan jimina ne."

Beryl ta karanta sau biyu. Ta dubi kwanon, ta dubi zaren azurfan nan da ta sha bi da ɗan yatsa tana yaba hannun maƙeri. Ashe ba tsagewa ba ce, mahaɗar ƙashi ce. Da ƙyar ta kai bayan gida. Ta amayar da shayin, ta amayar da abin da babu, ta goge harshenta da buroshi har ya yi jini. Naman rago na shekara sittin da takwas ya dinga dawo mata a maƙogwaro.

Ta ɗauki mota ta nufi gona. A kicin ta tarar da Nolusapho, 'yar Xhosa wadda ta yi shekara arba'in tana yi musu girki, mutanen gidan kuma suke kiranta Agnes don sun ce sunanta na karya musu harshe. Tana fere kabewa.

"Agnes, ki gaya mini gaskiya. Me ya sa kullum aka ce ki miƙo kwanon nan sai ki ce hannunki a jiƙe yake?"

Nolusapho ba ta ɗago ba. "Ai hannun mai girki kullum a jiƙe yake, Mis Beryl."

"Kin san ko menene?"

"Ni a ƙauye na tashi, na san jimina. Ban taɓa ganin wadda ke yin ƙwai mai ɗinki ba." Ta jefa kabewa a ruwa. "Kakata ta yi wanki a gidan nan, ita ma hannunta a jiƙe yake."

"Kuma ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"In faɗa miki me? Ke ce kullum kike hura masa numfashi kamar saurayi. Na ɗauka kin fi kowa sani. Ba ki lura ba ranar taronku da burodina nake zuwa?"

Beryl ta fita kunnuwanta na zafi. Ta sami Clive a rumfar da ake tara abarba, da gajeren wando da ƙaton ciki, yana cin wani yanki ruwan na bin gemunsa. Ta miƙa masa wasiƙar. A ranta tana tausayinsa, tana tunanin yadda zai ji. Ya karanta layi biyu ya miƙo mata abarta, da shatin yatsa mai danƙo a jiki.

"Haba Bee, wannan ne ya sa kika taho kamar gidanki ya kama wuta? Baba ya gaya mini ranar da na cika ashirin da ɗaya. Duk namiji ana gaya masa."

"Duk namiji?"

"Kowa. Ku mata ne dai ba a so a tayar wa hankali, ga shi kuwa kin nuna dalili."

"Kan mutum ne, Clive! Mutumin da ya koya masa iyo!"

"Yaƙi ake yi, tsohuwa. Su ma sun ƙona mana gidaje. Kina so in tono Enoch in kai shi kotu?"

"Tukunyar fa?"

Ya yi dariya har cikinsa na girgiza. "An wanke ta ya fi sau dubu. Ke da kanki bara sau biyu kika ƙara."

"Ba za ka sa wa Tessa gishirin nan a baki ba."

"Jikata ce ko taki? Ki goge kwanon ki kawo ranar Asabar. Wasiƙar kuma ba ta shiga littafina."

A hanyar komawa ta tsaya wajen masu sayar wa baƙi kayan tsaraba, ta sayi ƙwan jimina biyu. Babu wanda ya san ƙusoshin azurfan nan kamarta. Ranar Alhamis ta sa safar hannu ta kwance su ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe ƙashin a sabon bargon jarirai da ta saya don Tessa. Ƙwai na farko ya fashe a ƙarƙashin zarto. Na biyu ya rabu daidai, ta ɗaura masa azurfar.

Asabar, mutum ya fi sittin a ƙarƙashin bishiyoyi. Aka yi addu'a, aka gode wa Allah da ya kawo iyaye ƙasar da babu kowa. Beryl ta ajiye kwano gaban Clive, ta yaye masa ƙyalle. Fari tas, sai sheƙi yake.

"Kai, Anti Bee, bana kin ƙure goga!" in ji Fiona, uwar jaririyar. Mata suka yi tafi.

Clive ya yi ja har wuya. "Menene wannan?"

"Ƙwan jimina mana," in ji Beryl. "Da me kake tsammani?"

Ta bi teburin da kallo. Maza tara suka sunkuyar da kai suna nazarin cokulansu, har da mai wa'azi a coci, har da mai karantar da yara tarihi. Waɗannan fuskokin duk ta share musu majina suna ƙanana.

Clive ya matso kunnenta. "Ina kika kai shi?"

"Shi wa? Faɗi sunansa da ƙarfi mata su ji, sai in gaya maka."

Bai faɗa ba. Ya dangwala yatsa a gishirin, ya ɗora a harshen Tessa. Yarinya ta yamutsa fuska ta tsala ihu, kowa ya yi dariya. Beryl ta sauke ajiyar zuciya. Sai kuma aka buɗe tukunya, ƙamshi ya tashi, mazan nan tara suka riga kowa miƙa faranti. Ta ga Clive na suɗar ɓargo, maiƙo na bin yatsunsa. Ta ture kujera ta tafi kicin, Nolusapho ta yanka mata burodi.

Da suka gama ci, Beryl ta ce, "Nolusapho." Sunan ya fito a karkace, amma ya fito. "Ƙashin yana cikin motata. Ki kai wa mutanenku."

"A'a, Mis Beryl. Ni ban ɗauko shi ba. Ku kuka kawo shi, ke za ki mayar. Abin da zan iya, in gaya wa yayana ya tara dattawa."

Bayan mako biyu Beryl ta zauna a bayan wata tsohuwar a-kori-kura da bargon a cinyarta, har gangaren rafi. Dattawa bakwai suka karɓa. Suka yi masa magana a hankali, suna kiran sunansa, suna gaya masa inda aka kawo shi. Ita tana tsaye nesa cikin rana, babu wanda ya ce ta matso, babu kuma wanda ya ce ta tafi.

Littafin kuwa Clive ya ce ba zai buga ba muddin da wasiƙar a ciki. Ya manta da wadda yake magana. Matar da ta yi shekara talatin da ɗaya a gidan waya tana da adireshin duk wani Skelding mai rai. Ta kwafi wasiƙar, ta sa a ambulan sittin da huɗu, kowanne da sunan matar gida a bayansa, ba na miji ba.

Amsa huɗu ta samu. Biyu zagi ne. Ɗaya ta tambaya ko azurfar na da daraja. Ta huɗun ta Fiona ce, layi ɗaya: ba za ta sake kawo Tessa gonar ba.

Har yanzu ana taron, ko da yake tebur biyu kan ishe su. Tukunyar na nan, Clive ya ce ƙarfe mai kyau ba ya ɗaukar laifi. Ba a gayyatar Beryl, ita ma ba ta tambaya. Ranar taron takan dafa ƙwai biyu, na kaza, ta ci su lami a baranda. Idan baƙo ya yi kuskuren tambayarta gishiri, sai ta ajiye cokali ta gyara tabarau, ta ce masa ko yana da lokaci, akwai wani mutum Zazini da take so ta ba shi labari.