Ya Ce Da Sauƙi

Ina kan keken ɗinki ina haɗa kafaɗar rigar mijina aka yi sallama a ƙofar gida. Hantsi ne, amma zafin Sakkwato ya riga ya fara dukan kwanon ɗaki. Na gane muryar. Abokin aikin mijina ne, malamin lissafi a makarantar da suke koyarwa can wajen Kwalkwalawa. Bai taɓa zuwa gidanmu ranar aiki ba.

Na fito na same shi a kan babur, bai ko kashe shi ba.

"Madam, ɗauko mayafi mu je asibiti. Jikin Malam ya ɗan tashi a aji."

"Yaya jikin nasa?"

Ya dubi ƙasa, ya ce, "Da sauƙi."

Na yarda. Har na koma ciki na sauke tukunya, na lulluɓe keken da tsohon zane. Sai daga baya na ji cewa tun kafin a sa mijina a mota ya cika. Mutumin bai yi mini haka don mugunta ba. Haka ake yi a nan. Ba a kai wa mace mutuwar mijinta a bakin ƙofa tana tsaye ita kaɗai.

Mu ba 'yan garin nan ba ne. Daga kudancin Kaduna aiki ya kawo mijina, ni kuma na biyo shi ina amarya. Muka kama haya a Ƙofar Dundaye, a gidan wani Alhaji mai sayar da hatsi, kuma a nan muka zauna har 'yarmu tilo ta girma ta shiga jami'a. Shi malamin kimiyya ne. Ni karatuna bai yi nisa ba, ɗinki nake yi.

A yarenmu, in an tambaye ka jiki, sai ka faɗi inda ke maka ciwo. Hausa mun iya tun a gida, da ita muke cin kasuwa, da ita muke sujada a coci. Amma a bakin Hajiya, matar mai gidanmu, na san nauyin kalmar nan. 'Yarmu tana jaririya ta yi zazzaɓi mai tsanani, Hajiya ta leƙo ta ce, "Ƙaƙa jikin ɗiyar?" Na ce mata babu sauƙi. Ta tafa hannu.

"Kayya, matar Malam! Ba a hwaɗin hakanan. Ko mi kika gani, ki ce da sauƙi. Allah na jin ki."

Da na ba mijina labari ya yi ta dariya. Ya ce mutumin garin nan ko kansa ya riƙo a hannu, in ka tambaye shi sai ya ce da sauƙi. Amma a hankali mu ma bakinmu ya saba. Muka daina jin ta a matsayin magana. Ta zama kamar amsa sallama.

Ciwon ya fara masa da kasala da ƙin abinci. Sai idanunsa suka yi ɗorawa, cikinsa ya fara tasowa. A asibiti aka ɗauki jini, aka yi masa hoton ciki. Likitan, wani matashi mai sanyin murya, ya zaunar da mu ya ce akwai ƙari a hanta, kuma ya yi girma. Ban gane duk abin da ya faɗa ba, amma mijina ya gane. Na ga yadda ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Aka ba mu magunguna, aka ce mu koma gida.

Matan zumunta na ikilisiyarmu suka ɗauki abin a kansu. Kowace Laraba da la'asar sai su cika mana tsakar gida, su shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin dogon yaro, su yi waƙa a hankali saboda maƙwabta, su yi addu'a. Uwar zumunta, tsohuwa ce mai kaifin harshe, takan ɗora hannu a kansa ta ce, "Malam, kai da ka san sunan kowace jijiya, yau ka yi shiru a yi maka aikin da ba ya cikin littafinku." Shi kuma ya ce, "Mama, ai ban hana ba. Ku dai sassauta hannun, kan ba shi da laifi." Hajiya ba ta shiga cikinmu, amma in an tashi sai ta aiko da kunu, ta tsaya daga bakin zaure ta ce, "Allah shi ba shi lahiya."

Ban san ranar da abin ya juya ba. Na dai san wata safiya ya ce yana marmarin ɗanwake. Ya ci, ya nemi ƙari. Cikin ya fara saɓewa, idanun suka washe. Ya fara fita ƙofar gida, daga nan ya fara takawa har bakin titi. Da muka koma aka sake hoto, likitan ya daɗe yana kallon na'urar. Ya kira wani babbansa, suka duba tare. Sannan ya ce abin da suka gani a da ya ragu har da ƙyar ake ganin wurinsa.

Na ce, "Likita, me ya kawo haka?"

Ya ce, "Mama, gaskiya ba zan iya ce miki ga shi ba. Wataƙila tun farko ƙurji ne ya yi kama da ƙari, magani ya ci shi. Wataƙila kuma wani abu ne da ban sani ba. Ku dawo nan gaba mu sake dubawa."

Ni ban ji wataƙila ɗin ba. Abin da na ji shi ne likita ya ce bai sani ba. A bakin asibitin na durƙusa a kan siminti mai zafi na yi godiya, mutane suna ratse ni.

Labari ya cika ikilisiya. Baba Fasto ya ce wannan mu'ujiza ce, dole a yi shaida a gaban jama'a. Shaida a wurinmu ita ce mutum ya tsaya ranar Lahadi ya faɗi abin da Ubangiji ya yi masa da bakinsa, don masu rauni su ƙarfafa. Aka sa rana bayan an gama jarrabawar makaranta. Matan zumunta suka fitar da anko, shuɗin yadi mai ɗigon fari. Na yanki nawa da na 'yarmu, na yanki nasa.

Shi ne bai yi rawar jiki ba. Wata rana da yamma ina auna masa kafaɗa na ce, "Malam, kai kaɗai ne ban ji ka ce mu'ujiza ba."

Ya ce, "Madam tela, ki auna abin da kika zo aunawa."

"Ba ka gaskata ba ne?"

Ya ce, "A aji abin da nake koya wa yara shi ne abin da za a iya maimaitawa. In na yi, kai ma ka yi, mu sami amsa ɗaya. Abin da ya faru sau ɗaya, a jikin mutum ɗaya, ba ni da ma'aunin da zan ɗora shi a kai. Ba zan ce ba Allah ba ne. Ba zan kuma tsaya a gaban mutane in ce na san yadda aka yi ba."

"To me za ka faɗa ranar?"

"Zan ce na kwanta, na tashi, na gode."

"Shi ke nan?"

"In kin ga ya yi kaɗan, ke ki ƙarasa. Ai kin fi ni baki."

Na dake shi da tef ɗin awo, muka yi dariya. Ya koma aiki. Kullum da safe in na ce yaya jiki, sai ya ce da sauƙi. In ya dawo na tambaya, da sauƙi. Komawa asibitin kuma ya ce sai an gama jarrabawa, yara ba su da wani malamin. Ranar da ya faɗi, yana tsaye ne a gaban allo da alli a hannu.

'Yan'uwansa suka zo suka ɗauke shi zuwa gida. Ana tsakiyar bazara, gawa ba ta jira, kuma mutanenmu ba sa yarda a yanka mamaci don bincike. Muka binne shi kusa da mahaifinsa. Na yi zaman makoki a can, sannan na dawo Sakkwato saboda karatun yarinya.

A ranar da muka dawo ne ta tambaye ni. Muna zaune a tsakar gida, ba wanda ya kunna wuta a murhu. Ta ce, "Mama, Allah ya warkar da Baba, ko bai warkar da shi ba?"

Na tashi na je na kunna wuta a murhu.

Tun daga ranar nake bin watannin nan ɗaya bayan ɗaya. Na tuna ya ci ɗanwake, wannan da idona na gani. Na tuna idanunsa sun washe. Amma na kuma tuna wata rana na shigo na same shi dafe da gefen ciki, da ya gan ni ya sauke hannun ya ce wando ne ya matse shi. Na tuna ya rage hawa babur ya koma shiga mota, ya ce rana ce. Kowace safiya ya ce mini da sauƙi, kuma da irin muryar da abokinsa ya faɗa mini a ƙofar gida, lokacin da mijina ya riga ya mutu. Yanzu ban san wace da sauƙi ce ta gaskiya ba, wace ce ta ladabi. Mutum ne da ba ya son ya ba da kunya. Ya ga mata sun sayi anko, ya ga fuskata. Zai iya yin shiru.

Na koma wurin likitan. Ya gane ni, ya yi mini ta'aziyya, ya ba ni kujera. Na ce masa ban zo da ƙara ba, tambaya ɗaya gare ni: ciwon ne ya dawo, ko wani abu ne daban?

Ya ce zai iya zama hantar ce ta fashe da jini a ciki. Zai iya zama zuciya ce ta tsaya, ba ruwanta da hanta. Tunda ba a duba ba, babu mai iya faɗa.

Na ce, "To, da an duba, an ga hantar lafiya lau, za ka ce Allah ne ya warkar da shi?"

Ya ajiye biron da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Mama, da zan iya ce miki hanta ta warke. Wanda ya warkar da ita, na'urarmu ba ta nuna shi."

Ban ji haushinsa ba. Ya faɗi iyakar abin da yake da shi, bai ƙara ba.

Baba Fasto ya zo gida da uwar zumunta. Ya ce kada in bar baƙin ciki ya shafe alherin da aka yi mana. Ya ce Ubangiji yakan ƙara wa mutum kwanaki, kuma kwanakin da aka ƙara kyauta ce ko da kaɗan ne. Ya ce ranar shaidar tana nan, in na shirya in tsaya a madadin mijina.

Na ce, "Baba, in tsaya in ce me? In na ce an warkar da shi, yarinya tana zaune a benci tana kallona, ta san inda muka baro shi. In na ce ba a warkar da shi ba, to me na durƙusa na yi godiya a kai?"

Uwar zumunta ta ce, "Ke dai faɗi abin da kika gani."

"Mama, abin da na gani ne ban sani ba."

Tsohuwar nan mai kaifin harshe ta kama hannuna ta riƙe har suka tashi tafiya.

Ina zuwa sujada har yanzu. Ina zama a baya. In an tashi waƙa ina tashi, bakina yana motsi. Ban daina gaskata akwai Allah ba, da na daina wataƙila da abin ya fi mini sauƙin ɗauka. Abin da na kasa shi ne roƙo. In na durƙusa zan roƙi wani abu, sai in tuna na taɓa roƙa, aka ba ni, ko kuma na ɗauka an ba ni. Wasu matan sun ɗinka ankonsu suna sawa zuwa biki. In na ga shuɗin nan mai ɗigon fari a kasuwa sai in sake hanya.

Hajiya ta tsufa, ba ta fita sosai. Da safe in na wuce ƙofar ɗakinta takan ce, "Matar Malam, ƙaƙa haƙuri? Ƙaƙa jiki?" Ina amsa mata yadda ta koya mini.

Yarinya ba ta sake tambayata ba. Ta koma makaranta, in ta zo hutu ba ta bi na sujada, ni kuma ban matsa mata ba, don ba ni da abin da zan ce. Baba Fasto yakan tuna mini maganar shaidar lokaci lokaci, in ce masa ina nan tafe. Rigar tana cikin akwatin keke, kafaɗa ɗaya a haɗe, ɗaya a buɗe. Shaidar ban bayar ba, kuma har yau ban ba 'yata amsa ba.