Takardar da Akawu Bai Aika Ba

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana buga takardu a ofishin ruwa, shi ya sa har bayan ya yi ritaya babu mai kiransa da wani suna sai Akawu. Mutum ne siriri mai tsabta, ba ya fita sai da guga a rigarsa. Da ya bar aiki sai ya sayi tsohuwar tafireta a gwanjo, ya kafa tebur a ƙofar gidansa. Mai neman aiki, mai ƙorafin mitar ruwa, mai rigimar haya, duk wurinsa suke zuwa. Yakan saurari mutum ido a lumshe, ya buga, ya karanta masa, ya gyara zama yana jiran a ce, “Kai, Akawu, hannunka na da albarka.” Kuma ana cewa.

A hankali ciniki ya ja baya. Komai aka tashi nema sai a ce a cika ta intanet, alhali a unguwar sai mutum ya hau tudun bayan makaranta yana ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa kafin ya samu sabis.

Wata malamar lissafi ce ta fara cewa a yi wani abu. Ta haɗa kai da mai gyaran waya na bakin titi da wasu mutum huɗu. Suka roƙi tsohon ɗakin ajiya da ke bayan asibitin unguwa, suka share kashin ɓera, suka yi fenti. Wani kamfani da ya sauya kayan aiki ya ba su tsofaffin kwamfutoci shida. Mai walda ya haɗa dogon ƙarfe kyauta aka kafa eriya, aka sa sola a kan rufi. Da aka zo neman dattijon da zai shugabanci kwamiti, kowa ya dubi wuri ɗaya.

“Baba, ai kai ne uban harkar nan,” in ji Malama. “Tun ba a haife mu ba kake buga takarda.”

Ranar buɗewa aka zaunar da shi gaban kwamfuta. Ya duba sai ya ga haruffan suna nan inda ya san su. Ya ɗora yatsu goma ya zuba layi uku ba tare da ya kalli hannunsa ba. Ɗaki ya ɗauki tafi. Mai walda ya ce, “Tsohon doki sai mai sani!”

Iyakar abin da ya iya ke nan. Linzamin kwamfuta in ya taɓa shi, kibiyar sai ta tsere can kusurwa ta ɓace masa. Da Malama ta buɗe ajin manya na ranar Asabar, ta ce ko zai zauna ya ga yadda ake yi, sai ya yi murmushi ya ce, “Ku dai ji da waɗanda ba su sani ba.” Ya riƙe makullin ɗakin, yana buɗewa da safe, yana zagayawa bayan masu koyo hannu a goye a baya, yana gyaɗa kai.

Wata ranar Talata wata mai ɗinki ta zo gidansa da ambulan a hannu. Matar marigayi amininsa ce, direban tankar ofishinsu. 'Yarta ta gama sakandare da sakamako mai kyau, tana son makarantar koyon jinya, kuma ranar Juma'a za a rufe karɓar takardu.

“Yaya, ni ban yarda da rawar kan yaran nan ba,” ta ce. “Da mahaifinta na raye, kai zai kawo wa. Ka cika mata da hannunka.”

Maganar gaskiya ta zo masa har bakin leɓe. Sai ya ji kansa yana cewa, “Bar su nan. An gama.”

Ranar Alhamis da rana tsaka, lokacin da ya san babu kowa, ya buɗe ɗakin. Da ma Malama ta rubuta adireshin shafin makarantar a allo, ya kwafa harafi bayan harafi, da ƙyar da gumin goshi fom ya fito. Ya cika suna, shekaru, darussa, babu kuskure ko ɗaya. Sai aka ce ya ɗora hoto da takardun shaida. Ya dubi ambulan, ya dubi kwamfuta, ya rasa ta inda takarda ke shiga. Ya danna nan, jan rubutu ya fito. Ya danna can, ya sake fitowa.

Ana haka mai gyaran waya ya leƙo ɗaukar wata igiyar caji.

“Baba, aiki ake? In kama maka?”

Akawu ya karkata jiki ya tare fuskar kwamfutar. “A'a, ɗan abu ne kaɗan. Je ka abinka.”

Da ya fita, Akawu ya danna wani wuri a sama, shafin ya ɓace gaba ɗaya. Daga baya ya ce wa ransa wataƙila tafiyar ke nan, haka abin nasu yake tafiya.

Washegari mai ɗinki ta tare shi a hanya. “Yaya, an aika?”

“An aika.”

Ta ɗaga hannu ta yi ta sa masa albarka, shi kuwa yana kallon takalminsa.

Bayan mako shida sunayen masu rubuta jarrabawa suka fito, babu na yarinyar. Kwana biyu ba ta fita daga ɗaki ba. Uwar ta shiga faɗa wa duk mai kawo ɗinki cewa injinan nan na bayan asibiti haɗiye takardun mutane suke yi. Magana ta zaga. Ajin Asabar da ke cika har waje ya koma mutum biyar. Wani ma ya ce wa mai walda ya je ya sauke ƙarfensa.

Malama ta bincika, ta tarar ba a taɓa aika komai da sunan yarinyar ba. Ta tambayi uwar wa ya cika, aka gaya mata. A taron kwamiti ba ta ambaci sunansa ba, sau ɗaya kawai ta dubi Akawu ta sunkuyar da kai, ta ce laifin nasu ne da ba su sa ido ba. Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

A gida ya daina cin abincin kirki. Matarsa ta zuba masa ido kwana uku, sannan ta ajiye kwano ta zauna.

“Malam, ciwo ne ko magana?”

Ya gaya mata duka. Sai ta ce, “Shekara arba'in ina zaune da kai, ko shayi ba ka iya dafawa ba, ka taɓa jin na raina ka? Tashi ka je. Marainiya ce fa.”

Ya tarar da mai ɗinki a kan keken ɗinki, da mata biyu suna jiran kaya. Ya so ya ce su keɓe, sai ya tuna a gaban mutane aka ɓata sunan ɗakin. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Ba inji ba ne. Ni ne. Ban iya ba, ban aika ba, na ce miki na aika.”

Ƙafarta ta tsaya a kan keken.

“Yaya, da ka ce ba ka iya ba, wa zai dake ka? Shekara guda ka cinye wa yarinyar nan.”

Ta ci gaba da ɗinkinta, shi kuma ya juya.

A taro na gaba ya maimaita maganar a gaban kwamiti, ya ajiye makulli a kan tebur. Malama ta tura masa abinsa.

“Shugabanci kam mun karɓa, Baba. Amma wa zai buɗe mana da safe? Kuma ranar Asabar akwai kujera.”

Ya je. Aka zaunar da shi tsakanin wata mai sayar da kayan miya da wani direban bas. Mai kayan miyar ce ta kama hannunsa ta ɗora a kan linzami tana cewa, “A hankali, Baba, ba tabarya ba ce.” Aka yi dariya, shi ma ya yi, kunnuwansa na zafi. Wata biyu ya ɗauka kafin ya iya ɗora hoto. Mutane suka dawo aji sannu a hankali, wasu ma don su ga Akawu a bencin 'yan koyo suka zo, suka zauna.

Da shekara ta zagayo yarinyar ta cika fom da kanta, Malama na gefe. Ran nan Akawu ya buɗe ɗakin ya koma gida. Ta samu gurbi. In ta zo hutu takan durƙusa ta gaishe shi, shi ne ke rasa inda zai sa idonsa.

Yanzu shi ke koya wa sababbin shiga ajiye yatsu a kan haruffa, kuma ya ƙware wajen cika fom, har daga wasu unguwanni ake zuwa. Mai ɗinki tana amsa gaisuwarsa, iyakarta ke nan. In zai je ɗakin yakan bi ta bayan makaranta, ko da yake hanyar shagonta ta fi kusa.