Dariyar da Na Yi a Walimar Taubashina

Malam Edita, taubashina ne ya ɓata mini suna. Ya mai da ni maci amana a garin da ubana ya rayu ya mutu ba a taɓa jin ya ci ko ƙafar akuyar wani ba. Da wasa ya yi, a gaban jama'a, kuma ina wurin, har da ni cikin masu dariya. Shi ya sa har yau in na zauna ban san ta ina zan kama zancen ba. Ba zan faɗi sunansa ba, ba don tsoro ba, sai don shi ɗan wan uwata ne.

Ni mutumin Maigatari ne, fatoma ɗan fatoma. Boko iyakata firamare. Aikin gidanmu shi ne sauke baƙi. Ranar Laraba mutanen Damagaram su iso da shanu da raƙuma su kwana a zaurenmu, ranar Alhamis mu shiga kara in sayar musu. Mutum zai bar maka garke ya koma gida, ba takarda ba shaida, sunan gidanku kawai ya riƙe. Shi kuwa taubashin nawa a wani ƙauye na ƙasar Sule Tankarkar aka haife shi. Ya yi karatu, ya shiga aikin gwamnati, ya yi ta hawa har ya zama babba a inda ake tsara kasafin kuɗi. An ce ko rijiya za a haƙa sai maganar ta bi ta teburinsa. Ni dai ban san aikin ba. Abin da na sani, tun muna yara bawansa yake kirana, ni kuma in ce masa baƙauye mai biro. Kowa ya san wasan ɗan mace da ɗan namiji, ba a fushi a cikinsa. Wanda ya yi fushi shi ne ya ji kunya.

Wata rana ya zo har zaure ya ce yana son ya taɓa kasuwa, amma ma'aikacin gwamnati irinsa ba a yarda a ga hannunsa a ciki ba. Zai sayi manyan motoci, ya gina sito, a riƙa ɗauko riɗi da zoɓo daga Gagarawa, amma komai da sunana. Ya ce sunan gidanmu ya fi kowace takarda ƙarfi a bakin iyaka. Na tambaye shi ina ya samu abin yin wannan duka, sai ya ce tun yaushe bawa ya fara bincikar aljihun ubangidansa. Na yi dariya, maganar ta wuce. Ka ga, da can ma haka yake yi. Duk tambayar da ta yi nauyi sai ya jefa ta cikin wasa, ni kuma al'ada ta ɗaure mini baki.

Haka na wayi gari mai arziki a idon duniya. Sunana a ƙofar motoci, direbobi na durƙusa mini, ni kuwa ko taya ba na iya sauyawa sai na buga masa waya. Dangi suka yi ta zuwa da buƙatu, ina ba su haƙuri, suna fita suna cewa Allah ya ba marowaci. Na haɗiye, don na yi alkawari ba zan faɗa ba. Kuma in zan faɗi gaskiya, bai taɓa bari na ji yunwa ba. Shi ya kai ni Makka. Da matata ta kwanta aka ce sai an yi mata aiki a Kano, shi ya tsaya, har dubiya ya zo da kansa ya zauna a benci kamar kowa. Wannan ne ke rikita ni. Mugu ba ya haka, ko kuwa yana yi ni ne ban sani ba?

Da ya yi ritaya sai aka goge sunana a motocin aka rubuta na kamfaninsa. Wallahi ban ji komai ba, kayansa ne, har wani sauƙi na ji. Ya shirya walima a sabon gidansa na Gumel, manya sun cika, 'yan kasuwar garinmu ma sun zo. Ana cikin cin abinci wani dattijo ya tambaye shi, da ƙarfi yadda kowa zai ji, yaya aka yi daga ajiye aiki sai ga motocin fatoma sun koma nasa. Sai taubashin nawa ya miƙo hannu ya dafa kafaɗata yana murmushi ya ce, "Gadon tsohona ne na ba bawan nan ajiya. Ya yi ta yanka kaji a kai, na ce bari in karɓe kafin ya cinye har tayoyin."

Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, har na rama, na ce ai baƙauye ba ya gane kaza sai a hannun bawa. Aka ƙara dariya. Alhali ni na wanke gawar kawuna, mahaifinsa, na san abin da ya bari: gona, jaki, da rumbun da ko rabi bai kai ba. A hanya, cikin mota, maganar ta fara damuna, amma na ce wa kaina wasa ne.

Ba a daɗe ba zaurena ya fara raguwa. Laraba ta zo, a dafa tuwo, a shimfiɗa tabarmi, sai ka ga mutum ɗaya ko biyu. Daga baya har su ma suka daina. Ina gani baƙin da ubana ya sauke iyayensu suna wucewa ta ƙofata da shanu zuwa wani masauki, su ɗaga mini hannu daga nesa. Na tare wani tsohon Bafulatani da ya san ni tun ban yi gemu ba, na ce ya faɗa mini laifina. Ya ce labari ya kai har can cikin Nijar cewa ɗan'uwana ya ba ni ajiyar gado na ci. Na rantse masa wasan taubasai ne. Ya ce ya sani, amma an ce an faɗa a gabana kuma na yi dariya, shi kuwa bai taɓa ganin wanda aka ce wa maci amana ya yi dariya ba sai in ya amsa.

Tun daga nan nake juya abin. Shiryawa ya yi tun farko, ya san ranar za ta zo? Ko tambayar dattijon ce ta matse shi, ya rasa mafita, ya kama abin da ya saba kamawa, wato ni? Wani lokaci in ce ya ma manta ya faɗa. Wani lokaci in tuna yadda hannunsa ya matse kafaɗata kafin ya yi maganar, in ce a'a, roƙona yake in yi shiru. Ban sani ba. Abin da na koya kawai, suna ba riga ba ne da za ka ba wani aro ya dawo maka da shi a wanke. Duk wanda babban mutum ya ce ya tsaya masa a gaba, ko uwa ɗaya suke, ya tambayi ranar da za a sauke shi me za a gaya wa mutane. Kuma in wasa ya taɓa mutuncinka, kada ka taya dariya don kunya.

Na je Gumel na same shi a falonsa shi kaɗai. Yana ganina ya ce ga bawansa ya zo, a kawo abinci. Na ce ba ci ya kawo ni ba. Na gaya masa zaurena ya mutu, na roƙe shi ya faɗa wa mutane gaskiya. Fuskarsa ta sauya. Ya ce in yi masa rai, in ya ce ba gado ba ne za a tambaye shi to mene ne, kuma yanzu ana maganar ba shi sarauta. Ya ce zai ba ni mota guda tawa ta kaina. Sai kuma ya sake murmushin nan ya ce bawa da fushi, ai duniya ta zo ƙarshe.

Ban yi dariya ba. Karo na farko ke nan tun muna yara. Na miƙe na ce masa, "Riƙe motarka, baƙo ba ya sauka a mota. Kasuwar Alhamis tana nan inda ka san ta. Ka zo cikin kara ka ce ban ci maka komai ba, ka faɗa ba tare da dariya ba. In ba za ka iya ba, kada ka ƙara kirana bawa. Ko bawan gaske ne, a gaban jama'a ake 'yanta shi."