Dambun Mahfuza a Jan Faranti

Mahfuza 'yar Fagge ce, amma shekara shida ke nan tana kwana a wani ɗaki a Al Buteen, inda iskar teku ke shigowa ta taga da gishirinta. Wanta Salmanu, mai ɗaurin kaya a kasuwar Murshid Bazaar, shi ya kawo ta Dubai bayan rasuwar mijinta. Aikin da ya zauna mata a wata ƙaramar makarantar renon yara ce ta Yahudawa, gida mai doguwar katanga da masu gadi, ko allo babu a ƙofa. Tana wanke kwanuka, tana goya mai kuka har ya yi barci. Bizarta a hannun makarantar take, kuma ƙarshen Satumba za ta ƙare.

Kicin ɗin, wanda makullinsa ke hannunta, kashi biyu ne, bisa dokar addininsu. Jajayen kwanuka na nama, shuɗaye na madara, ko cokalinsu ba ya haɗuwa. Shekara uku ba ta taɓa kuskurewa ba.

Tun da yaƙi ya ɓarke can ƙasarsu, iyayen yaran suka zama kamar tsuntsayen da aka jefa wa dutse. Su sauke yara, su ja mota, ba mai gaida wani. Shi ya sa Madam Orna, shugabar makarantar, ta shirya taron yamma na komawa karatu, don iyalai su zauna su san juna.

"Dukanmu dangi ne a gidan nan," in ji ta ga ma'aikata.

Mahfuza ta riƙe maganar. A Fagge ba a shiga taron dangi hannu na dukan cinya. Ta sayi naman sa, ta wuni tana dafawa, tana dakawa, tana soyawa, har dambu ya tashi warwar kamar auduga.

"Ke da Yahudawanki!" in ji Salmanu, yana kai loma. "Wa ya ce miki suna cin namu?"

"Yaya, cire hannunka. Ba sa cin alade, yanka suke yi da sunan Allah. Me ya rage?"

"To, khalas, shi ke nan. In sun ƙi, ni ina nan."

Da la'asar sakaliya tsakar gidan ta cika. Ƙananan kujeru, manyan mutane a takure a kansu, kowa na kallon wayarsa. Mahfuza ta shiga kicin, ta zaɓi jajayen faranti uku a tsanake, ta juye dambun, ta ajiye nesa da duk abin da ya taɓa madara. Yara suka rufe teburin. Noa, 'yar shekara huɗu da ta girma a bayanta, ta cika baki.

"Wannan daga ina?" Baban Noa ne ya tambaya.

"Ni na yi, ranka ya daɗe. A gida."

"A gida? A tukunyarki?"

Ya durƙusa ya sa yatsa yana ƙwaƙulo naman daga bakin yarinyar. Ta fashe da kuka, ta miƙa wa Mahfuza hannu. Uwar Noa ta ɗauke ta.

Madam Orna ta ja Mahfuza kicin, muryarta ƙasa ƙasa. Ta ce yankansu daban ne, mahaucinsu daban, tukunyar waje ba ta shigowa. Farantan nan uku na tangaran sun tashi daga aiki ke nan har abada.

"Amma a ja na zuba, Madam."

"Na gani, habibti, 'yar uwata. Na gani."

Ta taga Mahfuza ta hango iyayen sun jawo kujeru sun yi da'ira. Waɗanda shekara biyu ba su gaisa ba, yau kai a haɗe. Wata ta ce ba da gangan ba ne. Wani ya ce yau nama, gobe me? Sunanta na yawo daga baki zuwa baki, ba mai iya faɗarsa daidai.

Kwana tara tana zuwa aiki tana jiran hukunci. Ran na goma Madam Orna ta kira ta ofis. An sabunta bizar, shekara biyu. Sannan ta buɗe tafin hannu, ba ta ɗago ido ba, ta ce iyaye sun yanke a karɓi makullin kicin daga hannunta.

Mahfuza ta kwance shi daga bakin mayafinta. Ƙullin ya yi tauri, sai da ta sa haƙori.

Yanzu aikinta a tsakar gida yake, wajen lilo da rairayi. Abincin ranarta takan ci shi a waje, gindin katanga, kusa da masu gadi.