Tafin da Ya Karya Rantsuwar Netani

Netani manomin yangona ne, saiwar da ake dakawa a jiƙa a sha, a nan tsibirin Kadavu, gajere mai faɗin ƙirji. Shekararsa hamsin da biyu, bai taɓa yanka ko kaza ba. Matarsa Salanieta ke yankawa, shi kuma yana bayan ɗaki yana neman wuƙar da ya san tana hannunta. Abu biyu ya iya a duniya: noma saiwar, da shan ruwanta. In maza sun zauna kan tabarma da yamma aka tace ta a akushi, kafin ƙoƙon kwakwa ya iso gabansa ya riga ya yi tafin nan guda na karɓa.

Bara ya kai kaya birnin Suva. A jirgin ruwan dawowa aka saka fim ɗin mutanen da, masu takubba da dawakai, inda aka kashe wa wani jarumi uba, ya rantse ba zai kai ƙoƙon shagali bakinsa ba sai ya rama. Netani, wanda duk rayuwarsa "ba komai" yake cewa ko an taka shi, ya ga mutumin da ya ce akwai komai. Ya sauko jirgin yana tafiya hannuwa a buɗe kamar mai maruru a hammata.

"Maza sun ƙare," yake cewa kullum. "A da in an taɓa mutuncin namiji, sai jini."

"Baban Vani," in ji Salanieta, "mutuncin ya faso mana itace tukuna."

Ana haka bijimin Apakuki ya tsinke igiya ya shiga gonarsa. Apakuki wan Salanieta ne, kuma taubashin Netani, tun suna yara yake tsokanarsa. Bijimin ya tattake yangona mai shekara huɗu, wadda Netani ya ƙwallafa rai zai yi wa gidansa rufin kwano da kuɗinta. Wannan kam ba abin dariya ba ne, ko a wurinmu maƙwabta. Ranar Lahadi a ƙofar coci Netani ya ɗaga murya: ba shi ba yangona sai ya yanka bijimin nan da hannunsa.

Kwana tara yana wasa adda. Sau biyu ya je inda bijimin ke ɗaure, suka kalli juna, ya dawo yana cewa ai jarumin ma shekaru ya yi yana jira. Da yamma in ya ji ana daka saiwa a turmi, sai ya shige ɗaki yana haɗiyar yawu.

Rana ta goma da la'asar Apakuki ya zo da dattawa uku, suka shigo a sunkuye da damin saiwa, suka zauna daga bakin ƙofa. Kowa ya san dokar: in ka yi tafi ka karɓi ƙoƙon ban haƙuri, magana ta mutu, ba mai tono ta. Don haka Netani ya cusa hannuwansa a hammata, ya kafa wa bango ido.

"Taubashi," in ji Apakuki, "bijimin yana gaishe ka. Ya ce kwana biyu ba ka leƙo shi ba."

Wani dattijo ya harare shi. Apakuki ya sunkuyar da kai, murya ta sauya. Ya ce laifin igiyarsa ne, ya san abin da shekara huɗu take nufi, kuma shi da gidansa za su sake dasa gonar daga iyaka zuwa iyaka.

Aka tace. Ƙamshin ƙasa-ƙasan nan ya cika ɗaki. Aka durƙusa gaban Netani da ƙoƙo cike taf. Bai ma juyo ba, sai kawai aka ji ɓas! Hannuwan sun fito da kansu, sun yi abin da suka shekara talatin suna yi.

Ya tsaya yana kallonsu kamar na wani. Tafi kuwa ba ya komawa. Ya karɓa, ya kafa kai, ya shanye, har ya lumshe ido.

Addar da ya wasa ita ta yanka irin da suka dasa. Kaza har yau Salanieta ke yankawa. In aka tayar da zancen, Netani kan gyara zama ya ce, "Mazantaka ita ce kana da ikon kashewa ka bari."

"Wallahi, taubashi," in ji Apakuki, "bijimin ma haka ya ce."